Babi na Biyar: Tukunyar Kwali da Lulluɓin Kwamfuta

A babin da ya gabata mun tsaya a tsakiyar aiki. Mun gina randa a cikin kwamfuta, muka harhaɗa dubban ƙananan alwatika har gindi da ciki da wuya da baki suka fito. Siffa kam ta samu. Amma duk wanda ya dube ta zai ga wani abu ne mai ruwan toka, sumul, ba a san ko na yumɓu ne, ko na roba, ko na dalma ba. Ba ta sha wuta ba, hannu bai taɓa ta ba. Idon ɗan Adam kuwa ba da siffa kaɗai yake gane abu ba. Tun daga nesa mutum yakan bambance shadda da atamfa, ya bambance bangon siminti da na ƙasa, tun bai kai hannu ba. Abin da ke gaya masa haka shi ne yadda jikin abin yake karɓar haske da yadda yake mayar da shi.

Sanya wa siffa wannan jiki shi ne batunmu a nan. Masu sana'ar suna ce masa tekisca, mu kuma za mu riƙa cewa lulluɓi. Tun da farko bari in faɗi matsayina: lulluɓi shi ne yake ba da labarin abu. Shi ke faɗin inda abu ya fito, da hannun da ya yi shi, da irin ranar da ta dake shi. Wanda ya yi sakaci da shi zai zana garinsu, ya fito masa garin wasu.

Maginiyar da ke bayan naira ashirin

Yangoji gari ne a bakin babbar hanyar Abuja zuwa Lokoja, tsakanin Gwagwalada da Abaji, kuma ɗaya ne daga mazaɓu goma na Ƙaramar Hukumar Kwali. Matashin da ke zaune a can yana koyon wannan aiki a kwamfutarsa ta cinya ba ya bukatar ya yi nisa wajen neman malama. A wannan ƙasar aka haifi Ladi Kwali, maginiyar tukwanen da hotonta ke bayan takardar naira ashirin.

An haife ta a garin Kwali wajejen 1925, a cikin al'ummar Gbagyi, inda ginin tukwane sana'ar mata ce tun kaka da kakanni. Tana ƙarama ta koyi sana'ar a gida, a hannun wata 'yar uwar iyayenta. Da hannu take ɗaga randa, tana ɗora mulmulallen yumɓu a kan ɗan uwansa tana zagayawa, babu injin juyi. Idan jikin randar ya ɗan sha iska, sai ta shiga yi masa zane. Takan karce shi da siffar kunama, da ƙadangare, da kada, da hawainiya, da kifi, da tsuntsu. Tsakanin waɗannan siffofi kuma takan mirgina murɗaɗɗiyar igiya ko guntun itace mai tsaga-tsaga, ya bar sawunsa a jere. Daga nan sai a gasa tukwanen a fili da itace da busasshiyar ciyawa.

Sarkin Abuja na lokacin, Alhaji Sulaimanu Barau, yana da tukwanenta a gidansa, kuma a can Baturen Ingila Michael Cardew ya gan su. Cardew ya kafa cibiyar koyar da ginin tukwane a tsohuwar Abuja, wadda yau ake kira Suleja, kuma a 1954 Ladi ta zama mace ta farko da ta shiga cibiyar. An nuna aikinta a Landan a 1958, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a Minna a watan Agusta na 1984.

Abin da ya shafi darasinmu shi ne abin da ya faru da randarta a Suleja. Siffar ba ta canja ba, cikin nan mai faɗi da gajeren wuyan nan suna nan. Zanen ma yana nan. Amma yumɓun ya zama wani iri, wanda ake gasawa a rufaffen murhu da zafin da ya haura digiri 1,200. Ana cike tsagar zanen da farar ƙasa, a lulluɓe jikin duka da ruwan da in ya sha wuta yakan koma kamar gilashi. Randar gida tana da ƙananan ƙofofi a jikinta, ruwa yana tsattsafowa ya bushe, shi ya sa take sanyaya ruwa, shi ya sa kuma ba ta sheƙi. Ta Suleja ta toshe, ta yi nauyi, tana ƙyalli, ta tashi daga tsakar gida ta koma ɗakin nune-nune. Siffa ɗaya, jiki biyu. Wannan rarrabewa tsakanin siffa da jiki ita ce ainihin abin da manhajar kwamfuta take yi, sai dai ita da lambobi take yinsa.

Butar shayi a Utah

A 1974 wani ɗalibi a Jami'ar Utah ta Amurka, Edwin Catmull, ya kawo dabarar lulluɓi a cikin kundin digirinsa na uku. Kafin lokacin, in ana son bangon bulo a kwamfuta, sai dai a gina kowane bulo da nasa layuka, abin da injinan wancan zamani ba za su iya ɗauka ba. Catmull ya nuna cewa za a iya ɗaukar hoto shimfiɗaɗɗe a naɗa shi a jikin siffa mai lanƙwasa, ya bi lanƙwasar. Shi ne daga baya ya zama ɗaya daga waɗanda suka kafa kamfanin Pixar, mai fim ɗin Toy Story na 1995.

Shekara guda bayan haka, a 1975, wani mai bincike a jami'ar, Martin Newell, ya auna farar butar shayinsu ta tangaran ya shigar da lissafinta cikin kwamfuta. A 1976 shi da Jim Blinn suka wallafa aikin da a ciki suka lulluɓe wannan buta da zane iri-iri, har suka sa ta nuna hasken da ke kewaye da ita. Butar tana nan ajiye a gidan tarihin kwamfuta na Mountain View a Kalifoniya. Ke nan, a shekarun da Ladi take karce yumɓu a Suleja, masana a Amurka ma a jikin kayan yumɓu suke gwada wannan ilimi. Dalilin a fili yake: tukunya ba ta da shimfiɗaɗɗen gefe ko ɗaya, duk kuskuren da aka yi sai ya fito a jikinta.

Ga yadda abin yake tafiya. Kowace kusurwa ta ragar alwatikan da muka gina tana da lambobi uku da ke faɗin matsayinta a sarari, waɗanda ake kira x da y da z. Sai a ƙara mata wasu biyu, u da v, masu faɗin inda ta faɗo a kan hoton lulluɓi. U tana tafiya daga 0 a hagu zuwa 1 a dama, v kuma daga 0 a ƙasa zuwa 1 a sama. Lokacin fitar da hoto, manhaja takan bi ɗigogin fuskar kwamfuta ɗaya bayan ɗaya. A kowane ɗigo sai ta duba wace alwatika ce ke wurin, ta lissafa u da v na daidai wannan gurbi daga na kusurwoyinta uku, ta je hoton lulluɓi ta ɗebo launin da ke can. Fuska mai ɗigo 1920 a faɗi da 1080 a tsaye tana da ɗigo sama da miliyan biyu, kuma a wasan kwamfuta ana maimaita wannan lissafi duka sau 30 ko sau 60 a cikin daƙiƙa guda.

Fiɗa da shanya

Babban ƙalubale shi ne haɗa abu mai ƙumburi da hoto shimfiɗaɗɗe. Duk wanda ya tsaya kan mahauci ranar Babbar Sallah ya riga ya ga yadda ake yi. Fatar rago a jikinsa zagaye take. In ana son shanya ta, dole a tsaga ta daga wuya ta bi ƙirji da ciki, a tsaga ta cikin ƙafafu, sannan a shimfiɗa ta a kafe gefunanta. Gwanin mahauci ya san inda zai sa wuƙa don kada ya ɓata tsakiyar fatar, ya kuma san in aka ja wani gefe fiye da kima fatar za ta karkace. Haka mai lulluɓi yake yi wa siffa: ya zaɓi layukan da zai tsaga, manhaja ta buɗe ragar ta shimfiɗa ta a kan hoton.

Mu gwada da randarmu. A ce kewayen cikinta santimita 150 ne, na wuyanta kuma 50. In muka naɗa mata hoto kai tsaye, faɗin hoton da ya zagaye ciki shi ne zai zagaye wuya, wato a wuya za a matse shi ninki uku. Ƙadangaren da ke ciki zai fito daidai, na kusa da wuya kuwa zai tsuke ya zama siriri. A gindi, inda layuka duka suke haɗuwa wuri guda, zanen zai cukurkuɗe gaba ɗaya. Maganin shi ne a raba randar gida uku ko huɗu: a yanke gindi ya zama faifai, a yanke baki ya zama zobe, a tsaga ciki daga sama zuwa ƙasa ta gefen da ba zai fuskanci mai kallo ba.

Kafin a ɗora hoton gaske, ƙwararru sukan fara lulluɓe siffar da zanen murabba'ai baƙi da fari, duka girmansu ɗaya. Sai a juya randar a duba. Inda murabba'i ya miƙe ya yi tsawo, an ja fatar da yawa. Inda ya ƙanƙance, an matse ta. Inda na gefen hagu da na dama suka kasa haɗa baki, mahaɗa za ta fito fili. Wannan mataki yana da gajiyarwa, kuma shi ne sababbin shiga suka fi tsallakewa. Duk aikin da ka ga bulon bangonsa wani ƙato wani ɗan mitsitsi, to a nan aka yi gaggawa.

Hotuna da yawa a jiki ɗaya

Mai koyo yakan ɗauka lulluɓi hoto ɗaya ne. A aikin yau, jiki ɗaya yana ɗauke da hotuna huɗu ko biyar, kowanne da tambayar da yake amsawa. Ana kiransu taswirori.

Ta farko taswirar launi ce. Kowane ɗigo a cikinta lambobi uku ne, na ja da na kore da na shuɗi, kowanne daga 0 zuwa 255. Sharaɗinta shi ne kada inuwa ko ƙyallin rana su shiga ciki, domin haske aikin manhaja ne. A randar da aka gasa a fili launin ba ɗaya ba ne. Inda iska ta samu shiga wuta jikin yakan yi ja, inda hayaƙi ya rufe yakan yi baƙi, tsakaninsu kuma akwai ruwan ƙasa mai duhu. Maginan tukwane da dama sukan yayyafa wa tukunya ruwan makuba, wanda ake samu daga ɓawon ɗorawa, tun tana da zafi, sai ta ƙara duhu ta kuma ɗan toshe. Duk wannan tarihin wuta a taswirar launi yake zama.

Ta biyu taswirar kaushi ce, baƙi da fari kawai. Fari yana nufin wurin yana da kaushi, yana warwatsa haske ta ko'ina. Baƙi yana nufin santsi, haske yana dawowa a dunƙule ya yi ƙyalli. A ganina wannan taswira ta fi kowace tasiri, kuma ita aka fi rainawa. Kafaɗar tukunyar da aka goge da dutse mai santsi kafin a gasa ta tana da ɗan sheƙi, cikin tsagar zane kuwa babu. Bakin randa, inda moɗa da hannaye suke gogawa shekara da shekaru, ya fi ko'ina santsi. Dubi kuma baƙin rawanin Kura ta jihar Kano, wanda Buzaye suke nema tun da daɗewa. Bayan an rina shi, ana kai shi mabuga a dake shi da shuni har ya riƙa walƙiya kamar ƙarfe. Zaren auduga ne dai, launinsa ma kusan ɗaya da na wanda ba a buga ba, kaushin ne ya ragu. Mai lulluɓin da ya fahimci wannan zai fitar da rawanin, wanda bai fahimta ba zai fitar da baƙin ƙyalle.

Ta uku taswirar tudu da kwari ce. Jim Blinn ne ya kawo dabararta a 1978. Tsagar da Ladi ta yi da wuƙa ba ta wuce 'yan milimitoci ba, kuma gina kowace tsaga da alwatika zai ci miliyoyinsu. Blinn ya lura cewa ido yana gane tudu da kwari ne ta yadda gefe ɗaya yake haske ɗaya yake duhu. Saboda haka ba sai an taɓa siffar ba. Ya isa a gaya wa manhaja cewa a wannan ɗigo jikin ya ɗan karkata gabas, a wancan ya karkata yamma, ita kuma ta lissafa haske a kan haka. Irin wannan taswira da aka fi amfani da ita yau takan fito da launin shuɗi mai sirkin jaja-jaja, domin wurin da ba shi da karkata ana rubuta shi da lambobi 128 da 128 da 255. Iyakar dabarar ita ce gefe: in ka dubi bakin siffar inda ta rabu da sarari, za ka gan shi sumul, domin tudun na ido ne kawai. A 1984 Robert Cook ya kawo wata hanyar da take tura jikin siffar da gaske, ciki ko waje, gwargwadon hasken taswira. Ta fi kyau, ta kuma fi cin ƙarfin inji, don haka ana ajiye ta don abin da kyamara za ta matsa kusa da shi.

Akwai kuma taswirar da ke faɗin ko wuri ƙarfe ne ko ba ƙarfe ba, domin ƙarfe yana rina ƙyallinsa da launinsa, yumɓu da itace da fata kuwa ƙyallinsu fari ne. A 2012 Brent Burley na kamfanin Disney ya gabatar da tsarin da ya tattara waɗannan ma'aunai wuri guda cikin sauƙi, kuma a kansa manhajoji da yawa suka dogara yau, har da Blender.

Igiyar da ake mirginawa

Guntuwar igiyar maginiya ba ta fi tsawon yatsa ba, amma tana zagaye randa duka da zane, domin in ta juya sau ɗaya sawunta yana komawa inda ya fara. Manhaja ma tana da wannan dabara. Ba a ɗaukar hoton katanga mai tsawon mita hamsin. Ana ɗaukar mita biyu, a gyara gefunan hoton yadda na dama zai haɗu da na hagu, na sama ya haɗu da na ƙasa, sai a yi ta maimaita shi.

Amma akwai bambanci, kuma a nan hannu ya fi inji. Maginiya tana dannawa da ƙarfi a nan, ta sassauta a can, yumɓun ya fi laushi a wani gefe, igiyar ta ɗan zame. Zanenta yana maimaituwa, amma babu zagaye biyu da suka zama ɗaya sak. Kwamfuta kuwa tana kwafa ne babu ragi babu ƙari. In akwai wani baƙin tabo a hoton, zai bayyana a kowace mita biyu a jere, ido kuma ya kama shi nan take.

Wanda ya kawo maganin wannan shi ne Ken Perlin. Ya yi aiki a fim ɗin Tron na 1982, kuma tsabtar hotunan kwamfuta da ta wuce kima ta dame shi. Sai ya ƙirƙiro lissafin da ke samar da hargitsi mai laushi, lambobin da ke hawa da sauka ba bisa tsari ba amma ba da tsalle ba. Ya wallafa shi a 1985, kuma a 1997 hukumar da ke ba da kyautar Oscar ta karrama shi a kansa. Da wannan lissafi ake yin gajimare da hayaƙi da jijiyar itace ba tare da hoto ko ɗaya ba. Da shi kuma ake gauraya hotuna biyu a bango ɗaya, busasshe da mai danshi, yadda maimaitawar za ta ɓace.

Nauyin kaya

Kowane lulluɓi yana da nauyi, kuma wanda ke aiki da kwamfuta ta hannu, ga wutar lantarki mai zuwa da ɗaukewa, dole ya san lissafinsa. Hoto mai ɗigo 4096 a kowane gefe yana da ɗigo 16,777,216. In kowane ɗigo ya ci bayit huɗu, hoton zai cinye megabayit 64 a ƙwaƙwalwar inji idan ba a matse shi ba. Taswira biyar a jiki ɗaya sun zama 320. Tsakar gida mai abubuwa ashirin irin wannan ta isa ta durƙusar da ƙaramar kwamfuta. Hoto mai ɗigo 1024 a gefe kuwa megabayit 4 ne kacal, kuma ya ishi tulun da ke can ƙuryar hoto.

Nisa ma yana da tasa matsalar. In tabarma tana can nesa, ɗigo ɗaya na fuskar kwamfuta yana rufe ɗaruruwan ɗigogin lulluɓi, in kuma manhaja ta zaɓi ɗaya kawai, saƙar za ta riƙa ƙyafta ido duk sa'ad da kyamara ta motsa. A 1983 Lance Williams ya wallafa maganin da ake kira mipmap: a ajiye hoton tare da rabinsa, da rabin rabinsa, har zuwa ɗigo ɗaya, manhaja ta ɗauki wanda ya dace da nisan. Duk jerin bai ƙara wa nauyin fiye da kashi ɗaya cikin uku ba.

Bangon wa muke lulluɓawa?

Kayan aiki yanzu ba su ne matsala ba. Blender, wadda Ton Roosendaal ɗan ƙasar Holan ya ƙirƙira, ta zama kyauta ga kowa a 2002 bayan masu amfani da ita sun tara yuro 100,000 sun fanshe ta. Da ita aka yi Flow, fim ɗin ƙasar Latbiya da ya ci kyautar Oscar a 2025. A Najeriya ma an fitar da dogon fim ɗin zane na Lady Buckit and the Motley Mopsters a 2020, kuma a 2024 Disney da kamfanin Kugali suka fitar da Iwájú, wanda aka gina labarinsa a kan Legas.

Matsalar tana rumbunan da muke ɗebo lulluɓi. Akwai su da yawa a intanet, irin su Poly Haven da Megascans, cike da hotuna masu inganci. Amma mafi yawan abin da ke cikinsu daga wasu ƙasashe aka ɗauko: jan bulon Turai, katakon dazukansu, dutsen da ƙanƙara ta ci. Dubi allunan tallan rukunin gidaje a manyan titunan Abuja. Ciyawa shar, kwalta baƙa wuluk, bango fari fat, babu ƙura ko ɗaya. Mai talla yana da uzurinsa. Amma in mai shirya fim ko mai zana darasin tarihi ga yara ya ɗebo daga rumbu ɗaya, yaran za su ga ganuwar Kano da jikin da ba nata ba, su ga Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, kamar an yi shi da siminti jiya. Makuba, da azara, da tubali, da zana, da jar fatar Sakkwato, da zanen ƙwarya, kaɗan ne daga cikinsu suka shiga waɗancan rumbuna, kuma ba wanda zai shigar da su in ba mu ba.

Aikin bai fi ƙarfin mai wayar hannu ba. Ka tsaya gaban bangon ƙasa a Yangoji a ƙarshen damina ka dube shi da kyau. Daga ƙasa zuwa gwiwa ya fi duhu, inda ruwan da ke zuba daga kwano yake fantsama jar ƙasa. Sama da nan akwai gansakuka a gefen da rana ba ta cika samu ba. A tsakiya za ka ga sawun yatsun mai yaɓe, da guntayen ciyawar da aka kwaɓa ƙasar da ita, da siraran tsagogi. A can sama, ƙarƙashin kwano, ga layin tsatsa ya gangaro. Bayan wata uku, in hunturu ya shigo, bangon nan zai koɗe, ƙura ta kwanta a kowace tsaga. Bango ɗaya ke nan ya ba ka lulluɓi biyu.

Ka fara da sallama, ka nemi izinin mai gida kafin ka ɗaga waya. Ka zaɓi ranar da gajimare ya rufe rana, domin hasken tsakar rana yana zuba inuwa a cikin hoto, inuwar kuma ta bi ka har cikin manhaja. Ka tsaya daidai gaban bangon, kada ka karkace. Ka jingina sanda mai tsawon mita ɗaya a gefe don ka san girman abin da ka ɗauka, ka sa farar takarda don gyaran launi. In tukunya ce, ka zagaye ta kana ɗauka daga sama da tsakiya da ƙasa, kowane hoto ya hau kan na bayansa da fiye da rabi. Manhajar kyauta irin Meshroom za ta iya haɗa hotunan ta fitar da siffa da launinta tare. Sannan ka rubuta sunan garin, da watan, da sunan maginiyar in ta yarda, ka kuma biya ta hakkinta in za ka ci riba da zanenta. Ba don an san sunan Ladi ba, da tukwanenta da ke gidajen tarihi na Landan da Washintan sun zama aikin da ba a san mai shi ba.

Har yau mata suna gina tukwane a yankin Abuja, a Ushafa da Giri da wasu ƙauyuka, amma roba da firji suna ta ture randa daga tsakar gida, bulon siminti kuma yana ture bangon ƙasa. Abin da ba a ɗauka ba a wannan zamani, masu zuwa ba za su same shi ba. Don haka, ya kai mai karatu, kafin ka buɗe babi na gaba inda za mu kunna wa randarmu fitila, ka fita unguwarku ka ɗauko jikin abu goma da ba za ka samu a intanet ba, ka gyara su, ka ajiye su da sunayensu na gida, ka kuma raba wa 'yan uwanka masu koyo.